Ni Na Cire Makullin Imel Ɗin Da Ya Jawo Wa Kawuna Rasa Ƙafa

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan fili. Ina gaishe ku da ƙoƙari, Allah ya saka muku da alheri bisa yadda kuke sauraren kukan mutane. Don Allah a sakaya sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su, ko da yake na san duk ɗan ƙasar Yawuri da ya karanta a tsanake zai iya gano ƙauyen da nake nufi. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina ya fi a ƙirga. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni budurwa ce, ɗiyar masunta. Ƙauyenmu yana bakin tafki a ƙasar Ngaski, ba nisa da Wara. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, sai ƙanen Innata, Kawu Jibo, ya riƙe mu. Da kallinsa da mamarinsa, wato ragar kamun kifi da igiyar ƙugiyoyi, ya ciyar da ni, shi ya kafe sai na yi boko lokacin da mutane ke yi masa dariya, shi ya ɗauke ni da kansa ya kai ni makarantar koyon kwamfuta a Kontagora. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Da na gama na samu aiki a wani shagon intanet a Yelwa, irin mai ƙaton faifai a bisa rufi da janareto a baya. Ina buga wa mutane takardu, ina buɗe musu imel, ina zaune gidan wata gwaggona a cikin gari. Mai shagon, Oga muke ce masa, mutum ne mai fara'a da kyauta, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba.

Ga waɗanda ba su san tafki ba, akwai wani taru da ake kira dala. Ƙato ne, idonsa ƙanana kamar gidan sauro, ana jan sa daga gaɓa, kuma ba ya barin komai a ruwa, har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba sai ya kwashe. An hana shi, amma masu shi manyan mutane ne, ba mai iya tunkarar su gaba da gaba. Ƙananan masunta irin su Kawu da suka ga kullum jirgi na dawowa fayau, sai suka kafa ƙungiya. Wasu masu aikin kare kifi daga wajen jihar suka ba ƙungiyar kwamfutar hannu da adireshin imel, a kan duk wanda ya ga inda ake jan dala ya faɗa wa sakatare a asirce, shi kuma ya aika musu, su san inda za su tura jami'ai. Sakataren shi ne Malam Haruna, tsohon malamin firamare, shi ya koya mini baƙi da wasali. Tsarin shi ne ya rubuta saƙonninsa a ƙauye, ranar kasuwa ya shigo jirgi zuwa Yelwa, mu jona masa waya, saƙonnin su tafi gaba ɗaya, amsoshi su sauko.

Ranar da aka kawo kwamfutar a fara haɗa ta, Kawu ya biyo Malam, ya sha rigarsa ta Juma'a. Shago cike da ɗalibai, shi kuwa sai gaya wa kowa yake ɗiyarsa ce za ta haɗa. Malam ya miƙo mini takardar da aka ba shi. A jiki an rubuta sunan saba mai karɓar saƙo da na saba mai aikawa, wato manyan kwamfutocin da ke can nesa suna riƙe wasiƙun, an kuma ja layi a ƙarƙashin wani umarni: a tabbata an sa alama a ɗan akwatin SSL, lambar ƙofar shigowa 995, ta fita 465. Na san abin da ake nufi sarai. Wannan ɗan akwatin shi ne makullin da ke cukurkuɗa saƙo tun daga kwamfutarka har ya isa saba, ta yadda duk wanda ya tare shi a hanya ba abin da zai gani sai shirme. Malaminmu na Kontagora da ya ji daga bakin ruwa nake, ya taɓa ce mini aika saƙo ba tare da shi ba kamar yin sirri ne a tsakiyar tafki, kai kana ganin ba kowa kusa, alhali ruwa na kai muryarka har gaɓa.

Na cika komai yadda aka rubuta, na latsa, sai wani gargaɗi ya fito da Turanci yana cewa bai amince da takardar shaidar sabar ba. Na sake, ya sake fitowa. Na goge na faro daga farko, duk ɗaya. Gumi ya fara bin bayana, ɗalibai suka fara ƙus-ƙus, wani ya ce a kira Oga mana tunda abin ya fi ƙarfin mata. Kawu ya juya ya dube shi ya ce, "Ku ƙyale ta, ta san abin da taka yi." Anti, wannan maganar ce ta kashe ni. Maimakon in ce a ba ni lokaci in bincika, ko in ce a kira waɗanda suka ba da kwamfutar, sai na kai hannu a hankali na cire alamar daga akwatunan biyu. Lambar sama ta koma 110 da kanta, ta ƙasa na mayar da ita 25. Ina latsawa saƙon gwaji ya wuce kamar an kore shi. Kawu ya yi ta hamdala, ya saya wa duk 'yan shagon lemo. Ni kuma na naɗe takardar na mayar wa Malam ina murmushi, na ce komai ya yi daidai. A raina na ce wa zai damu da saƙon masunta? A garin nan wa ma ya san yadda ake tare saƙo?

Haka aka yi ta tafiya har damina ta wuce. Wata rana da la'asar intanet ya tsaya, Oga yana masallaci, mutane na ta ƙorafi, sai na shiga ɗan ɗakin ciki inda babbar kwamfutar take, wadda duk wayoyin shagon ke bi ta cikinta, don in kashe ta in kunna. Ba mu cika shiga ɗakin ba, don Oga kan kulle shi, ranar ne ya manta. Na san akwai wata manhaja da wani mai gyara daga Kaduna ya sa masa, wai don ya riƙa ganin wanda ke cinye ƙarfin intanet. Ina taɓa linzamin kwamfutar, allon ya haskaka, sai ga adireshin Malam Haruna, ga kalmar sirrinsa a fili ɓaro-ɓaro kamar an rubuta da alli, a ƙasa kuma ga saƙon da ya aika ranar kasuwar da ta wuce, kalma bayan kalma. Ya ce Jibo ya ga jiragen wani Alhaji suna jan dala a bayan wani gungu, wato tsibiri, ya faɗi sunan gungun, ya faɗi sunan Alhajin. Wannan Alhajin wan matar Oga ne. A kan tebur ga saƙon an buga shi a takarda, an zagaye sunan Kawu da jan biro.

Me kuke tsammani na yi? Na kashe kwamfutar na kunna, na ja ƙofa, na koma kujerata na ci gaba da buga wa wani takardar neman aiki. Yatsuna na bugawa, kunnena na ƙara. Oga ya dawo yana jan carbi ya tambaya ko intanet ya dawo, na ce ya dawo.

Nan ne laifina ya fi girma, don Allah ya ba ni dama ban ɗauka ba. A makon nan aka yi suna a ƙauyenmu na je. Na tarar da Kawu a gindin gawo yana ɗinkin kalli, ya ja mini tabarma, ya sa aka kawo mini bandar kifin nan ragon ruwa da ya ajiye mini tun tuni. Muka zauna mu biyu, ba kowa. Na buɗe baki da niyyar in ce Kawu ka yi hankali, an san kai ne, sai na ji ina tambayarsa ko ruwa ya fara ja baya. Ta ina zan fara? In ce masa abin da ya yi ta alfahari da shi a gaban mutane ha'inci ne? In ce ɗiyar da ya sayar da kifin shekaru ya sa ta a makaranta ita ce ta cire makulli don kada yara su yi mata dariya? Na kuma tuna aikina, na tuna ba wani shagon da zai ɗauke ni. Sai na lallashi kaina da cewa iyakar abin da Alhaji zai yi shi ne ya canza wurin jan tarunsa. Na ci kifin, na yi masa sallama, ya raka ni har bakin jirgi yana sa mini albarka.

Ba a daɗe ba abin ya faru, da hantsi, rana tsaka. Kawu na ɗaga kallinsa shi kaɗai, sai wani babban jirgin inji ba fasinja ko ɗaya ya taho a guje ya nufo shi. Ya miƙe yana ɗaga filafilin tuƙinsa yana ihu, jirgin bai kauce ba, ya raba kwalekwalen gida biyu, farfelar injin ta kama ƙafarsa, ya wuce ko waiwaye babu. Matan da ke wanki a gaɓa suka hango suka sa kuka. Wani jirgin 'yan kasuwa da ke hanyar Wara ne ya tsamo shi. Kafin a iso da shi asibiti a Yelwa ƙafar ta riga ta lalace, dole aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa wuni bai shiga ruwa ba.

A asibitin ina tsaye riƙe da kwanon abinci, Inna ta ɗaga hannu sama tana kuka ta ce, "Wanda duk yab ba da sunan ƙanena, ban yahe mai ba duniya da lahira. Allah shi hana mai kwanciyar rai." Duk ɗakin aka ce amin. Ta juyo ta dube ni, ni ma na ce amin, da bakina, da ƙarfi. Tun ranar ban sake cin abinci na ji ɗanɗanonsa ba. Bakin uwa fa, Anti. Wanda bai san an yi ba ma yana kama shi, ina ga ni da na amsa?

Sai zargi ya faɗa kan Malam Haruna, don kowa ya san daga shi sai Kawu suka san maganar. Aka ce ya sayar da sunan. Mutumin da in liman ba ya nan shi ke jan sallah, yanzu in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya matsa. Matarsa in ta je bakin ruwa mata sai su kwashe kayansu su canza wuri. Samari sun ce in aka sake taɓa wani, gidansa za su cinna wa wuta. Sarkin ruwa ya ce a dakata har Kawu ya samu ƙarfi, sannan Malam ya zo ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a. Shi Kawu ya ce bai yarda Haruna zai yi masa haka ba, amma da Malam ya zo duba shi, na ga Kawu ya juya fuskarsa bango.

Duk da haka Malam bai fasa zuwa shagon ba. Ranar wata kasuwa ya zo ya rame, rigar kamar an rataya a ƙusa. Ina jona masa waya ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Ɗiyata, ke kin san kan abin ga. Don girman Allah, akwai yadda za a yi wani shi karanta saƙona a hanya?" Na dubi idon mutumin da ya kama hannuna ya koya mini rubuta sunana, na ce babu, Malam, a kulle yake. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce to shi ke nan, wataƙila shi ne ya yi suɓul da baka a wani wuri ya manta, Allah ya yafe masa. Ya fara zargin kansa saboda ƙaryata. Wace irin zuciya gare ni?

Da ya fita sallar azahar ya bar mini kwamfutar, sai idona ya kai kan agogon da ke ƙasan allon. Kwanan watan ya koma shekaru baya, ɗan batirin da ke riƙe agogon ne ya mutu. Shi ke nan fa matsalar tun farko. Kwamfutar na ganin lokacin takardar shaidar sabar bai ma zo ba, shi ya sa ta ƙi amincewa. Na gyara kwanan wata, na mayar da alamar a akwatunan biyu, na mayar da lambobin yadda aka rubuta, na latsa, saƙonni suka wuce lafiya lau ba gargaɗi ba komai. Aikin da bai kai tsawon alwala ba. A kan wannan Kawu ya rasa ƙafa. Na shiga bayi na toshe bakina da mayafi na yi kuka har na ji kamar haƙarƙarina zai tsage.

Na ɗauka na rufe ƙofar ke nan. Washegari da safe ina shara Oga ya kira ni ɗakin ciki, ya ce in turo ƙofa. Ya nuna mini allon, inda saƙon Malam ya saba fitowa yanzu ba komai sai tarkacen alamomi. Ya tambaye ni wa ya taɓa kwamfutar Malam, na ce gyara na yi. Bai yi fushi ba, murmushi ma yake. Ya ce in tuna cewa shi bai taɓa kwamfutar nan da hannunsa ba ko sau ɗaya, shago cike da mutane aka ga wadda ta haɗa ta, kuma takardar da aka ce a sa makulli tana nan a aljihun Malam. In magana ta fito, wa za a fara tambaya? Ya tambayi jikin Kawu, ya ce in gaishe shi. Sannan ya tambaya ko har yanzu ta jirgi nake zuwa gida, ya ce in riƙa kula, ruwan bana ba shi da kirki. Ina kama ƙofa zan fita ya ce, "Ranar kasuwa in ya zo, ki mayar da shi yadda yake da. Kin ji ko?" Na ce na ji.

Tun daga ranar ko ƙarar injin jirgi na ji daga bakin kasuwa sai in toshe kunnuwana. In babur ya rage gudu a bayana sai in faɗa shagon da ke kusa in ɓuya. Gwaggo ta ce ko aljanu ne, ta karɓo mini rubutu ina sha. A shago ina zaune Oga zai wuce ya ajiye mini ƙosai a kan tebur, ya ce in ci, na rame.

Ga abin da ya sa na ce lokaci ya ƙure. Jiya na je duba Kawu na haɗu da Malam a ƙofar asibiti, ya ja ni gefe, fuskarsa da ɗan haske karon farko. Ya ce Allah ya kawo mafita. Cikin matan da ke wanki ranar akwai waɗanda suka gane jirgin da mai tuƙa shi, sun yarda a asirce za su ba da shaida, ya rubuta sunayensu, ranar kasuwa mai zuwa zai kawo mu aika. Ya ce ba wanda ya faɗa wa sai ni, don ni kaɗai ce ban guje shi ba. Sai ya ƙara da cewa, "Har da Innarki. Ita ta hwara cewa a rubuta ta."

Anti, in na cire makullin kamar yadda Oga ya ce, na miƙa sunan mahaifiyata da hannuna ga waɗanda suka bi ta kan ƙanenta. Ba zan yi ba, ko za a yanka ni. Amma ko na bar shi a kulle ban tsira ba, don kalmar sirrin Malam tana hannun Oga tun tuni. Zai iya shiga akwatin ya karanta amsar da za a turo kafin Malam ya dawo ya sauke ta, kuma mutanen nan in sun ba da amsa, saƙon da aka aika musu yakan biyo a ƙasa gaba ɗayansa. Dole sai an canza kalmar, kuma ba a canza ta sai Malam ya nemi waɗanda suka ba shi adireshin, kuma ba zai nema ba sai na faɗa masa dalili. In na ce ya tafi Kontagora ko Birnin Kebbi ya aika daga can, zai tambaye ni me ya sa, ni da na ce masa a kulle yake. Kowace hanya na bi sai ta dawo da ni wuri ɗaya, in buɗe baki in ce ni ce.

In na faɗa, Malam zai wanku, wannan na sani, kuma hakkinsa ne. Amma samarin da suka yi alkawarin wuta, gidan wa za su nufa? Oga da surukinsa za su bar ni in kai labari gaban hukuma, ni da ba ni da wata hujja sai abin da idona ya gani a ɗakin da makullinsa ke aljihun Oga? Inna za ta iya janye abin da ta faɗa in ta ji a kan wa ya sauka? Kawu fa, da har yanzu in na shiga ɗakin yake ƙoƙarin tashi zaune yana cewa ga Uwata ta zo, da wane ido zan dube shi? Na yi tunanin in gudu Sakkwato wurin wata ƙawata in bar musu takarda, sai na ga in na tafi Malam zai zo shagon ne ya miƙa wa Oga kwamfutar da kansa ya ce ya taimaka ya aika masa.

Wa zan fara faɗa wa, Malam ko Kawu ko Sarkin ruwa? In faɗi duka har da zaman da na yi a gindin gawo na yi shiru, ko in tsaya a kan makullin kawai? Akwai wanda ya san hanyar da zan bi in kare Inna da matan nan ba tare da an tsinci gawata a ruwa ba? Malamai da ke karanta wannan fili, akwai tuba ga wanda ya ce amin a kan kansa?

Jibi ne kasuwa, kuma jirgin su Malam da wuri yake isowa. Don Allah, don Annabi, ku taimake ni. Me zan yi?